Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: yadda masu sabon kamfanin fasaha za su zauna da juna da majalisar daraktocinsu

Mu uku muka kafa kamfaninmu a Jidda, a wani ɗaki da ke saman shagon wayoyi kusa da titin Falasɗin. Manhaja muke yi wa ejan-ejan na Umara na Kano da Kaduna da Yamai. Ita ke riƙe musu lissafin ɗakunan otal a Makka da Madina, da motocin da za su ɗauko baƙi daga filin jirgi, da wanda ya biya da wanda ake bi. Ni haihuwar Makka ne, kakana da ƙafa ya zo, ta Chadi da Sudan, ya haye ruwa daga Sawakin. Abokan tafiyata biyu, ɗaya injiniya ne Bazazzagi da karatu ya kawo shi, ɗayan kuma ɗan wan mahaifina ne, wanda da wuya ka sami ejan ɗin da bai san shi ba. Yanzu ina zama a majalisar daraktocin wasu ƙananan kamfanoni biyu na ƙannenmu. Duk abin da zan faɗa a nan, ko dai mun yi shi ya yi mana rana, ko mun ƙi yi mun sha wuya.

A iya abin da na gani, kara ce ta fi kashe kamfanonin yaranmu. Basira akwai ta, kuɗi ma yanzu ana samu a ƙasar nan fiye da da. Kamfanin Salla, mai manhajar buɗe shagon intanet, a Makka aka kafa shi a 2016, kuma a 2024 masu zuba jari suka sa masa dala miliyan 130. Amma mu an tarbiyyantar da mu a kan kada ka kunyata na gaba da kai, kada ka yi wa ɗan'uwa maganar kuɗi gatsal, kada ka kai wa dattijo mummunan labari. A gida wannan ado ne, kuma ba na fatan mu rabu da shi. A teburin kamfani sai an yi masa iyaka da gangan, in ba haka ba kowa zai yi ta murmushi har ranar da albashi zai gagara.

Ku fara da takarda ɗaya

Tun kuna shiri, tun ba a sami abin faɗa a kai ba, ku zauna ku rubuta wa ke da maganar ƙarshe a kan me. A wurinmu injiniya ke yanke abin da za a gina da ranar da za a sake shi da wanda za a ɗauka a ɓangarensa. Ɗan'uwana ke yanke farashi da mu'amala da ejan-ejan. Ni ke riƙe da kuɗi da duk abin da ya shafi hukuma. Shawara kowa yana bayarwa a hurumin kowa, amma in an gama musu, mai hurumin ke cewa ga abin da za a yi, sauran su bi ko da ransu bai so ba. Sannan a cikinku dole ɗaya ya zama shugaba, mudir kamar yadda muke cewa a nan, wanda in hurumi biyu suka ci karo shi zai raba. “Ai duk ɗaya muke” magana ce mai daɗi, amma ma'aikaci na farko da kuka ɗauka zai so ya san wa zai saurara in kun ba shi umarni biyu.

Ba mu yi wannan takarda da wuri ba. Wata shekara, saura 'yan makonni azumi, ɗan'uwana ya yi wa wani babban ejan alkawarin za a ƙara masa wani sashe a manhajar kafin Ramadan, bai tambayi injiniya ba. Injiniya bai ce komai ba, don ɗan'uwana ya girme shi. Ya yi ta kwana a ofis, aka saki aikin da kurakurai, lissafin ɗakuna ya rikice a daidai lokacin da Makka ta fi cika. Bayan Sallah ya same ni ya ce, “Yaya, ni ina ganin zan nemi wani wuri.” A ranar muka rubuta doka guda wadda har yau muke kanta: babu mai ba abokin ciniki rana sai da bakin wanda zai yi aikin.

Ku haɗa da iyakar kashe kuɗi. Ku sa wani adadi, duk abin da ya haura shi sai mutum biyu sun sa hannu, ko da shugaba ne yake son kashewa.

Sai maganar kaso, wadda ita aka fi jin nauyin tayarwa. Kada wanda ya mallaki kasonsa gaba ɗaya ranar farko. Al'adar da kamfanonin fasaha suka saba da ita shekara 4 ce: wanda ya tafi kafin shekara guda ba shi da komai, in ya cika shekara ya mallaki kashi ɗaya cikin huɗu na rabonsa, sauran kuma ya riƙa shigowa wata-wata. A ce rabonka kashi 30 ne cikin 100, ka yi shekara 2 ka koma gida, da kashi 15 za ka tafi. Wannan yana kare wanda ya zauna daga yi wa wanda ya tafi bauta, kuma duk mai zuba jarin da ya san aikinsa zai tambaye ku shi. Sabuwar dokar kamfanoni ta Saudiyya, wadda ta fara aiki ranar 19 ga Janairu 2023, ta sauƙaƙa wannan. Ta amince da yarjejeniyar da masu hannun jari suka ƙulla a tsakaninsu, ta kuma kawo wani sabon nau'in kamfani, musahama mubassaɗa, wanda ba a gindaya masa mafi ƙarancin jari ba kuma ana iya raba hannun jarinsa iri-iri. Ku biya lauya ya rubuta muku, kuɗinsa bai kai na shari'a ba.

Akwai wani rami da ya shafe mu musamman. Da yawa a cikinmu wani yana da takardar ɗan ƙasa, wani iƙama gare shi, sai a ce a yi sijilli, wato rajistar kasuwanci, da sunan ɗan ƙasar, sauran kuma “ai mun san juna”. Wannan shi ne tasattur, kuma hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Ko hukuma ba ta kama ku ba, wanda sunansa ba ya takarda ba shi da abin riƙewa ranar da aka ɓata, ko ranar da mai sunan ya rasu magada suka zo. Ku bi ta Ma'aikatar Zuba Jari, sunan kowa ya fito a inda ya kamata. Babu majalisar daraktocin kirki da za ta zauna a kan kamfanin da mai shi na gaskiya a ɓoye yake.

Zaman Lahadi

Kowace Lahadi da safe, farkon makon aiki, mu ukun mukan zauna awa ɗaya. Nawa ya shigo, nawa ya fita, ejan nawa suka yi amfani da manhajar a makon da ya wuce, sai abin da ya tsaya da dalilin tsayawarsa. Ku raba wannan zama da hirar dare. Mun daɗe muna yanke manyan shawarwari a majalisar hira bayan Isha'i, ana shan shayi, baƙi na shigowa suna fita, washegari kowa ya tashi da tasa fahimtar. Abin da aka yanke a rubuta shi a layi biyu, da sunan mai yi da rana.

Dabara ɗaya ta canza mana zaman nan: ƙarami ke fara magana. In babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa, Bahaushe mai tarbiyya ba zai saɓa masa a gaban mutane ba, sai dai ya ce “haka ne” ya tafi da abinsa a ciki. In ƙarami ya fara, bai saɓa wa kowa ba, ra'ayinsa kawai ya faɗa. Sau ɗaya a wata kuma mukan rufe ƙofa, kowa ya tambayi sauran, “Me nake yi da yake hana ka aiki?” Watannin farko amsar “babu komai” ce. Sai da na fara ambata laifina da bakina, cewa ina jinkirta biyan 'yan kwangila ba tare da na sanar da kowa ba, sannan bakuna suka buɗe.

Wa za ku zaunar a majalisa

Majalisar daraktoci, majalisul idara a bakin mutanen nan, ita ce mutanen da shugaban kamfani yake ba bahasi, masu ikon amincewa da kasafi da manyan shawarwari, har da cire shugaban in ta kama. Da farko kujera 3 ta isa: ɗaya ta masu kafawa, ɗaya ta mai zuba jari, ɗaya ta wanda ba ya ɓangaren kowa. In kamfani ya girma a kai 5. Kada adadin ya rabu biyu daidai, don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki.

Kuɗin farko da ya shiga kamfaninmu na kawuna ne, ɗan kasuwar yadi da ya yi shekaru a Balad, tsohon garin Jidda. Ya ba mu ba tare da ya nemi takarda ba, don haka da aka zo kafa majalisa kowa ya ɗauka kujera tasa ce. Ya zauna zama biyu. A gabansa ba na iya cewa mun yi kuskure, shi kuma tambayarsa ɗaya ce, yaushe za a fara raba riba, alhali kamfani irin namu shekarun farko duk abin da ya samu cikinsa yake komawa. Na je gidansa bayan La'asar na ce, “Kawu, alfarma na zo nema. Kasonka yana nan, kuma duk wata uku ni da kaina zan kawo maka lissafi har gida. Amma kujerar nan ina so a ba wanda zai iya tsare ni da tambaya ba tare da na ji kunyar ba shi amsa ba.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “Ɗana, in dai dukiyar za ta fi tsaruwa a haka, na yarda.” Har yau ban saɓa wannan alkawari na wata uku ba, kuma shawarar da yake ba ni a kan ba da bashi ta fi ta kowa, don ya san halin 'yan kasuwarmu ciki da bai.

Kujerar muka ba wata Hajiya, Bahausar Sudan ce 'yar Mai Wurno, wadda ta yi shekaru tana binciken lissafin kamfanoni a nan Jidda. Ba ta da suna a gari. A zamanta na farko ta tambaye ni nawa ejan-ejan suke riƙe mana wanda ya haura kwana 90, ban da amsa. Irin wannan mutum za ku nema, wanda ya san abin da ku ba ku sani ba, yake da lokacin karanta takardunku, kuma ba ya cin abinci a hannunku. Kada babban suna ya ruɗe ku. Kamfanin Theranos na Amurka, mai da'awar gwajin jini da ɗigo kaɗan, ya tara tsofaffin sakatarorin harkokin waje biyu a majalisarsa, Henry Kissinger da George Shultz. An kimanta shi dala biliyan 9, na'urar kuwa ba ta yin abin da aka ce tana yi, kuma a 2022 kotu ta sami shugabarsa da laifin damfarar masu zuba jari. Manyan mutane ne, amma gwajin jini ba fagensu ba ne.

Shi kuma mai zuba jari, ku tuna kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Tare da kuɗinsa zai kawo jerin abubuwan da ba za a yi ba sai da yardarsa: sayar da kamfani, fitar da sabon hannun jari, cin bashin da ya wuce wani adadi, albashin shugabanni. Wannan haƙƙinsa ne. Abin da za ku karanta da idon basira shi ne ƙuri'a nawa ake bukata a cire shugaba, da kuma wa zai naɗa kujerar tsakiya. Majalisar Apple ta karɓe iko daga hannun Steve Jobs a 1985, a kamfanin da da shi aka kafa. Kafin ku karɓi kuɗin kowa, ku nemi masu kamfanin da ya taɓa sa wa jari, musamman wanda kamfaninsa bai yi nasara ba, ku tambaye shi yadda mutumin ya kasance a lokacin tsanani.

Yadda zaman zai yi amfani

Doka ta wajabta wa majalisar kamfanin hannun jari na gama-gari zama aƙalla sau 4 a shekara. Jaririn kamfani wata uku ya yi masa nisa, ni na fi son duk mako shida zuwa takwas. Ku tsayar da ranakun shekara gaba ɗaya tun farko, ku kauce wa goman ƙarshe na Ramadan da kwanakin Hajji, don a ƙasar nan ba za ku sami hankalin kowa ba a lokacin.

Takardun zama su isa hannun daraktoci kwana biyar kafin ranar. Shafin farko guzuri ne, wato wata nawa kuɗin da ke banki zai kai ku in komai ya tsaya yadda yake. A nan ake yaudarar kai, don haka bari in tsaya a kansa. A ce kuna da riyal 600,000, kuma abin da kuke kashewa ya fi abin da ke shigowa da 75,000 a wata. Za ku ce guzurin wata 8 ne. Amma a cikin kuɗin nan akwai harajin kashi 15 cikin 100 da kuka karɓa a madadin hukumar zakka da haraji, amana ce a hannunku. Akwai kuma haƙƙin ƙarshen aiki na ma'aikata, rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar ɗin farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan nan, yana taruwa shiru ba ya fitowa a takardar banki. In waɗannan biyun sun kai 150,000, abin da ke naku 450,000 ne, guzurin wata 6. Neman sabon jari kuwa, a yadda na gani, yakan cinye kusan wannan tsawon. Wanda ya rubuta 8 zai ce da sauran lokaci, wanda ya rubuta 6 gobe zai fara buga waya. Hajiya ce ta koya mini wannan lissafi, da biro, a bayan takardar da na kawo mata.

A zaman kansa kada ku ɓata awa kuna karanta musu abin da suka riga suka karanta. Ku kawo matsala ɗaya ko biyu da ta hana ku barci, ku faɗi hanyoyin da kuke gani da wadda kuka fi karkata gare ta, sannan ku yi shiru ku saurara. In taimako kuke so, ku ambace shi da sunansa. “A taimaka mana da kasuwa” ba ya motsa kowa. “Muna son ganin mai kula da ɗakuna a otal kaza, wa ya san shi?” yakan sa wani ya ciro waya nan take. Ku riƙa kawo sauran shugabannin ɓangarori su yi bayanin aikinsu da bakinsu, majalisa ta san kamfanin ba mutum ɗaya ba ne. Minti goma sha biyar na ƙarshe ku fita ku bar daraktoci su tattauna ba ku, sannan ɗayansu ya kira shugaba ya gaya masa abin da aka ce. A rubuta mahdar, wato takardar abin da aka tattauna aka yanke, kowa ya sa hannu cikin mako.

Mummunan labari

A watan Yunin 2023 aka saki darajar naira, ta yi ta faɗuwa. Ejan-ejan ɗinmu na Najeriya da naira suke karɓar kuɗi, mu kuma da riyal muke bin su. Wasu suka rage kujeru, wasu suka daina biya suna ba da haƙuri. Na ga abin tun watan farko. Na ce wa raina bari lokacin Umara ya kankama, zai gyaru. A zaman majalisa na nuna yawan masu amfani da manhaja, wanda yake hawa, na wuce maganar bashi da sauri. Sau biyu na yi haka. A na uku Hajiya ta ajiye takardar ta ce, “Ɗana, tun yaushe ka san wannan?” Na gaya mata gaskiya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da na faɗa tun farko, da an sa ejan-ejan biya kafin aiki, an tsayar da ɗaukar mutum biyun da muka ɗauka, an kuma fara neman ejan-ejan na Nijar da Kamaru, waɗanda sefarsu take ɗaure da yuro. Duk mun yi waɗannan daga baya, amma sai da muka sallami mutum biyun nan, ɗayansu bai daɗe da kawo iyalinsa ba. Wannan nauyi a wuyana yake, kuma jinkirina ne ya jawo shi.

Majalisa takan yafe asara, don duk wanda ya sa kuɗi a sabon kamfani ya san ana faɗuwa. Abin da ke karya zama shi ne ta gano an san abu an rufe ta. Ko majalisar OpenAI, kamfanin da ya ƙirƙiri ChatGPT, da ta cire shugabansa Sam Altman ranar 17 ga Nuwamba 2023, dalilin da ta bayar shi ne ba ya fito mata da magana a fili yadda ya kamata. Ya koma kujerarsa cikin 'yan kwanaki bayan ma'aikata sama da 700 sun yi barazanar tafiya, amma mu ƙanana ba mu da wannan gata.

Ga yadda nake yi yanzu, kuma shi nake sa ƙannena su yi. In babban abokin ciniki ya tafi, ko wani jigo ya ce zai ajiye aiki, ko guzuri ya ragu da wata guda ba zato, ko takarda ta zo daga hukuma, ba na jiran zama. Cikin kwana biyu nakan kira kowane darakta shi kaɗai, da murya, ba saƙon WhatsApp ba. Nakan faɗi abin da ya faru, da abin da na sani zuwa yanzu, da abin da nake shirin yi, sannan in tambaye shi me ya gani. Ranar zama babu wanda zai ji sabon abu, sai a tafi kai tsaye ga mafita. Doka ma ba ta bar wannan ga son rai ba: a kamfani mai iyakantaccen alhaki, in asara ta kai rabin jari, wajibi ne mudir ya kira masu kamfani taro cikin kwana 60 daga ranar da ya sani.

Farkon kowane wata kuma, ko da zama ko babu, ina tura wa daraktoci da duk mai kaso saƙo mai shafi ɗaya. Guzuri a sama, abin da ya lalace a ƙarƙashinsa, abin da ya yi kyau bayan nan, sai taimakon da muke nema. Na Kawu nakan buga shi a takarda da manyan baƙaƙe in kai masa bayan sallar Juma'a, don ba ya son karatu a waya.